Gidan Amityville: Aljanu Aka Gani Ko Dala Aka Hango?

Matso kusa, ƙawata. Rage muryar rediyon nan. Yau ba zancen kishiyar wance na kawo miki ba. Zancen gida ne. Gida guda a ƙasar Amurka, wanda aka sayar da shi har sau shida daga 1975 zuwa 2017, kuma duk lokacin da ya shiga kasuwa sai duniya ta miƙe tsaye tana leƙe. Kin san gidan. Ko ba ki san sunansa ba, kin taɓa ganin hotonsa a jikin fim ɗin ban tsoro: tagogi biyu a can sama, kamar idanun da ke hararar mai wucewa. Shi ne gidan Amityville.

Kowa aljanun yake ba da labari. Ni kuwa farashin na bi. Wa ya saya, nawa ya biya, nawa ya sayar, me ya sani kafin ya sa hannu. A nan naman yake.

Bari in fara kai ki unguwar, don kada ki ɗauka kango ne a tsakiyar daji. Ina! Amityville ɗan ƙaramin gari ne a kudancin tsibirin Long Island, cikin jihar New York, mutanensa ba su kai 10,000 ba. Akwai tashar jirgin ƙasa. Ki shiga da safe, kamar awa guda kina tsakiyar Manhattan, ki yi aikinki, ki dawo gida kafin isha'i. Irin wurin da ma'aikaci mai rufin asiri ke mafarkin ya kai iyalinsa, ya huta da hayaniyar birni. Kudancin garin kuwa, inda ya sauka bakin ruwan da ake kira Great South Bay, nan ne unguwar masu hannu da shuni. Layin gidan namu, Ocean Avenue, a can yake. Bishiyoyi, shiru, ciyawa a aske. Bayan gidajen ruwa ne, kowa da jirginsa na shan iska.

Shi kansa gidan? Ɗakunan kwana 5. Bene. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wurin iyo a tsakar gida. Ga rumfar ajiye jirgi a bakin ruwa, ki fito daga kicin ki taka ki hau. Filin siriri ne, ƙafa 50 a faɗi, 237 a tsawo, shi ya sa aka gina gidan a karkace, gefensa ne ke kallon titi. Abin da ya sa tagogin nan biyu suka zama su ne fuskarsa ke nan. Ba aljani ne ya juya shi ba, ƙarancin fili ne.

To, iyalin DeFeo suka tare a ciki a 1965, daga Brooklyn suka taso. Uban yana aiki a kamfanin sayar da motoci na surukinsa. Kuɗi akwai. Zaman lafiya ne babu. An shaida a kotu daga baya cewa tsakanin uban da babban ɗansa, Ronald, sai dai Allah ya kyauta. Ran 13 ga Nuwamba 1974, cikin dare, Ronald mai shekara 23 ya ɗauki bindiga ya bi ɗaki ɗaki. Uba, uwa, ƙanne huɗu. Babbar cikin ƙannen tana da 18, autan yana da 9. Duka a kan gadajensu aka same su, rub da ciki. Innalillahi. Wannan kam ba tatsuniya ba ce, kuma shi kaɗai ne abin da ke cikin labarin nan da ba wanda ke jayayya a kansa.

Ki ji ƙarfin hali. Da yamma ya faɗa wata mashaya a unguwar yana ihu wai an harbe iyayensa. Ya ce wa 'yan sanda aikin wani ɗan mafiya ne. Kwana guda bai cika ba labarin ya warware, ya amsa da bakinsa. Maƙwabta kuwa? Suka ce ba su ji ƙarar bindiga ba, sai haushin kare. Harbi a layin da ko tari ka yi za a ji. Hmm. Ni dai ban ce komai ba.

A kotu lauyansa, William Weber, ya ce yaron ba shi da hankali, muryoyi yake ji suna ba shi umarni. Riƙe sunan lauyan nan da kyau, zai dawo. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su yarda ba. A Nuwamba 1975 aka same shi da laifi, aka ɗaure shi ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai har sau shida. Bai sake shaƙar iskar waje ba, yana tsare ya mutu a Maris 2021.

Gida ya yi wata 13 a rufe. Wa zai saya?

Sai ga George Lutz da amaryarsa Kathy. A watan Yuli 1975 suka yi aure, ita da 'ya'yanta uku na auren fari. Suka ga gida na bugawa a jarida, aka ce dala 80,000. Araha! Kuma, ƙawata, ga abin da masu fim ba sa son a tsaya a kai: dillaliyar ba ta ɓoye musu komai ba. Tun zuwan farko ta faɗa musu abin da ya faru a ɗakunan nan, ta tambaye su ko hakan zai hana. Suka yi shawara, suka ce ba komai. Ba su tsaya nan ba. Suka ƙara dala 400 suka haɗa da wasu kayan ɗakin mamatan. Ke! Ke da ko zanen mamaciya aka ba ki a rabon gado sai kin wanke shi sau uku.

Suka tare a Disamba 1975. Ran 14 ga Janairu 1976 suka fice, suka bar kayansu. Kwana 28 cif.

Me suka ce sun gani? Ƙudaje cike da ɗaki a tsakiyar sanyin da ƙuda ba ya rayuwa. Wani koren abu mai yauƙi yana tsattsafowa daga bango. Maigida yana farkawa kullum ƙarfe 3:15 na dare, daidai lokacin da ake zaton an yi kisan. 'Yar autar tana da aboki, wai alade mai jajayen idanu. Uwargida ta tashi sama daga kan gado. Limamin cocin da aka kira ya yi wa gidan addu'a, murya ta kore shi. Ƙofar gaba mai nauyin tsiya ta ɓalle da kanta. Ba a yi wata biyu da fitarsu ba, sai ga shahararrun masu farautar aljanun nan, Ed da Lorraine Warren, sun iso da 'yan talabijin a bayansu. Da kyamara, ƙawata. Aljanin da ake zuwa kamawa da 'yan jarida.

Yanzu ki gyara zama, ga inda goro ya shiga miya.

Bayan sun fice, da wa suka je suka zauna? Da lauya Weber. E, shi dai, lauyan mai kisan. Me ya haɗa mai gudun aljani da lauyan wanda ya zubar da jini a gidan? Lissafi ne mai sauƙi. Lauya yana neman hanyar ɗaukaka ƙara. In duniya ta yarda gidan yana da abin da ke raɗa wa mutum a kunne, to zancen muryoyin da Ronald ke ji ya sami gindin zama. Ban da haka, yana da shirin littafi a aljihu, da rabon riba. Su kuma ma'auratan, masu shakka sun daɗe suna cewa bashin gidan ne ya fi ƙarfinsu, suna neman mafita. George ya musanta wannan har ƙarshen rayuwarsa, gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa miki. Amma dai an zauna. An yi hira. An tattauna kwangila.

Sai aka ɓata a wajen rabo. Su Lutz suka zame suka bar lauya da takardunsa, suka kulla da wani marubuci, Jay Anson. Shi wannan bawan Allah bai kwana gidan ba ko sau ɗaya. Kaset-kaset suka ba shi, na kusan awa 45, ya saurara ya rubuta. A Satumba 1977 littafin ya fito, The Amityville Horror, an buga a bangonsa cewa labarin gaskiya ne. Ya yi kasuwa kamar me, miliyoyin kwafi. A 1979 aka yi fim, James Brolin da Margot Kidder, aka kashe ƙasa da dala miliyan 5, aka kwashi sama da miliyan 80.

Kin san halin wanda aka ci amanarsa a rabon ganima. Ba ya shiru. Su Lutz suka kai Weber da wasu ƙara suna neman dala miliyan 4.5, shi ma ya mayar musu da tasa ƙarar. A Satumba 1979 ya fito a mujallar People ya fasa ƙwai: ya ce littafin ƙage ne, shi da su suka zauna suka tsara labarin, kwalaben giya na ƙarewa ana buɗe wasu. Tabɗijam! A wannan watan ne alƙali Jack Weinstein na kotun tarayya a Brooklyn ya yi watsi da ƙarar su Lutz, ya ce a ganinsa mafi yawan littafin ƙirƙira ce, kuma da yawanta daga shawarwarin Weber ta fito. Bai ƙyale lauyan ba shi ma, ya yi tir da lauyan da ke zama dillalin littafi.

Za ki ce to ai shi ma Weber haushi ne ke cinsa, me zai hana ya yi ƙarya? Kin yi tunani. Kuma su Lutz sun zauna gaban na'urar gano ƙarya a 1979, aka ce sun haye. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Littafi ya ce an ga sawun kofato a kan dusar ƙanƙara ranar 1 ga Janairu. Aka duba bayanan yanayi, ba a yi dusar ƙanƙara ba. Littafi ya ce 'yan sanda sun zo. Rajistarsu ba ta nuna an kira su ba cikin kwanakin nan 28. Aka ce ƙabilar Shinnecock, 'yan asalin ƙasar, a nan suke yasar da mahaukatansu su mutu. Shugabannin 'yan asalin yankin suka ce ba su san zancen ba. Limamin coci kuwa baki biyu ya yi. A takardar rantsuwa aka ce ta waya kawai ya yi magana da su a kan lamarin, a talabijin kuma ya ce ya shiga ya ji murya. Wanne za mu kama?

Mu koma kasuwa, don can ne ba a ƙarya.

Banki ya karɓe gidansa. A Maris 1977 wasu mata da miji 'yan garin suka saya. Nawa? Dala 55,000. Kin ga an zabge 25,000 cikin wata 15. Suka tare, suna murna sun tsinci dami a kala. Wata shida kacal suka samu na barci. Littafi na fitowa, masifa ta sauka, amma ba daga bango ba, daga titi. Motoci jere. Baƙi suna buga ƙofa da tsakar dare. Masu leƙen taga, masu ɗaukar hoto, masu ɓallar wani abu a jikin gidan su tafi da shi tsaraba. Fim ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Mutanen nan suka nuna wa 'yan jarida ƙofar da aka ce ta ɓalle: ga ta nan da tsofaffin ƙarafanta, ba alamar gyara. Jan ɗakin da aka ce ɓoyayye ne a ƙarƙashin ƙasa, ashe ɗan lungun ajiye tarkace ne, a fili yake. Da abin ya ishe su suka maka su Lutz da marubucin da kamfanin ɗab'in a kotu, aka sasanta a waje. Suka sa aka sauya lambar gidan, tsohuwar lambarsa 112 ta ɓace daga layin. Daga baya ma aka cire tagogin idanun nan aka sa masu kusurwa huɗu irin na kowa.

Shekara 10 gidan na hannunsu. Ba ƙuda, ba alade, ba mai tashi sama. Maigidan ya faɗa ya nanata, abin mamaki ɗaya da ya gani shi ne mutane.

Kuma kin san nawa suka sayar a 1987? Dala 325,000. Kusan ninki shida! Yo wane irin aljani ne wannan mai sa albarka a dukiya? In irinsa ne, a turo min biyu.

Masu bi musu suka yi nasu shekara 10, suka sayar a 1997 a kan 310,000. An faɗi 15,000, nan take masu baki suka ce kun gani ko, tsinuwar gidan ce. Ƙarya suke. A ƙarshen shekarun 1980 farashin gidaje a yankin New York ya hau ƙololuwa, sannan ya sauko ya daɗe a kwance. Duk wanda ya saya a 1987 ya ɗanɗana, mai aljani da marar aljani.

Na 1997 shi ne ɗan kasuwa. Ya gyara gida, ya zauna abinsa shekara 13. A Mayu 2010 ya sa shi a kasuwa, ya yi kuɗi dala miliyan 1.15. Aka taya, aka daidaita a 950,000. Ninki uku na abin da ya biya. Da zai tashi, a watan Agusta, ya yi gwanjon kayan gida kamar yadda suke yi a can. Ɗaruruwan mutane suka yi layi. Kina zaton kujera suka zo saya? Su dai su sa ƙafa a ciki. Shi ma ya san su sarai, ya hana hawa bene, ya hana sauka ƙasa.

Sai waɗanda suka saya a 2010, masu ban tausayi. Sun saya 950,000. A 2016 aka mayar da gidan kasuwa a kan 850,000, shekarar da fim ɗin The Conjuring 2 ya fito ya sake tono zancen Amityville tun daga buɗewarsa. Wata da watanni ana jira. A farkon 2017 aka sallama a 605,000. Ki lissafa da kanki: 345,000 ta tafi. A nan ne masu aljanu ke tafa hannu. Ni kuwa sai na ce a duba bayan gida. Ruwa ne fa. A ƙarshen Oktoba 2012 guguwar Sandy ta turo teku cikin unguwannin kudancin Long Island, Amityville da maƙwabtanta suka sha. Tun daga ranar, duk mai sayen gidan bakin ruwa a can, kafin ya tambayi ɗakuna nawa sai ya tambayi kuɗin inshorar ambaliya. Ki ɗora harajin gidaje na Long Island, wanda yana cikin mafi tsada a duk Amurka. Sannan ki ɗora 'yan kallo da ke tsayawa ƙofar gidanki duk ƙarshen Oktoba, lokacin bikinsu na shigar dodanni. A ganina waɗannan ukun sun isa su karya farashi ba tare da taimakon ko ɗan ƙaramin aljani ba.

Wata gulmar a gefe, tunda mun zo wajen wa ya san me. Kina zaton dole ne dillali ya faɗa miki an yi kisa a gida? A jihar New York, a'a. Doka ba ta ɗora masa ba. Mai saye yana iya tambaya a rubuce, mai gida kuma yana da damar ya amsa ko ya yi gum. Amma akwai tarko. A garin Nyack, cikin jihar dai, wata mata ta yi shekaru tana ba 'yan jarida labarin fatalwowin gidanta, har a mujallar Reader's Digest. Da ta tashi sayarwa a kan dala 650,000, sai wani baƙo daga birni ya ba da kafin alƙalami 32,500, bai san komai ba. Da ya ji, ya ce a ba shi kuɗinsa. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tunda da bakinta ta shelanta wa duniya, ba ta isa ta musa ba yanzu, a idon doka gidan mai fatalwa ne, mai saye yana da hanyar warware ciniki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na Amityville kuwa ba mai iya cewa ba a faɗa masa ba. Duniya ce ta faɗa masa.

Mutanen garin fa? Kada ki je ki tambaye su hanya, za ki sha harara. Tun fim na farko hukumar garin ta ƙi ba da izinin ɗauka, sai can garin Toms River a jihar New Jersey aka je aka yi wa wani gida kwaskwarima ya yi kama da shi. Wato gidan da ya hana ki barci a fim ma ba shi ba ne. Na 2005, wanda Ryan Reynolds ya fito, shi ma ba a Amityville aka ɗauke shi ba. A taswirar Google an shafe hoton gidan, sai dishi-dishi. Garin da ya yi shekara da shekaru yana alfahari da bakin ruwansa da jiragensa, yau ka ambaci sunansa a Kano ko Alƙahira, alade mai jan ido ake tunawa. Su ba su ci nanin ba, nanin ta ci su.

Su Lutz kuwa aurensu bai kai labarin daɗewa ba, sun rabu kafin 1990. Kathy ta rasu a 2004, George a 2006, kuma har suka koma ga Mahaliccinsu ba wanda ya janye, sun tsaya a kan cewa sun ga abin da suka gani. Marubucin ma bai daɗe yana cin ribar ba, ya rasu a 1980. Finafinai masu ɗauke da sunan garin sun wuce a ƙirga da yatsu, kowane ɗan kasuwa da kyamara sai ya lanƙaya sunan a jikin hajarsa, tunda sunan gari ba mallakar kowa ba ne. Yara huɗun da aka kashe a gadajensu kuwa, tsakani da Allah, cikin masu tsayawa ɗaukar hoto mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko da ɗaya?

Ni dai hukuncina, ƙawata, ki riƙe shi tsakanina da ke: iyali ɗaya ne kaɗai suka ga aljanu a gidan nan, kuma su ne kaɗai ke da littafin sayarwa. Iyalai huɗu da suka biyo baya sun yi shekara 40 a jimlace, daga 1977 zuwa 2017, ba wanda ya fita da gudu. In an kawo miki tallan gida a bakin ruwa, a Long Island ne ko a ina, kafin ki tambayi wa ya mutu a ciki, ki fara tambayar ina ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce.